Ciwon Shugaba Ana Tsakiyar Yaƙi: Me Yake Sauyawa a Teburin Sulhu?

Shin rashin lafiyar mutum ɗaya na iya tsawaita yaƙi ko ta gajarta shi? Tambayar takan taso duk lokacin da aka ga shugaban wata ƙasa da ke yaƙi ya yi tuntuɓe a matakalar jirgi, ko hannunsa na rawa a bidiyo, ko ya yi kwanaki ba a ji ɗuriyarsa ba. A watannin farko na yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, babu irin cutar da ba a laƙaba wa Vladimir Putin ba a intanet, har sai da shugaban hukumar leƙen asirin Amurka na lokacin, William Burns, ya fito a watan Yuli ya ce a iya saninsu mutumin lafiyarsa ƙalau. A 2024 hankali ya koma kan Joe Biden, bayan muhawarar 27 ga Yuni da ta nuna tsufa ya kama shi, alhali ƙasarsa na cikin masu shiga tsakani a yaƙin Gaza. A cikin shekarar dai aka yi wa Benjamin Netanyahu tiyata sau biyu, a Maris da Disamba, yaƙi na ci.

Mutane sukan rabu gida biyu. Wasu na ganin da zarar ciwo ya kwantar da shugaba, yaƙinsa ya zo ƙarshe, sai a fara ƙirga kwanaki. Wasu na cewa duk tsegumi ne, ai akwai ministoci da janar-janar da za su ci gaba da aiki. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki sauran. A fahimtata, ciwon shugaba ba ya ƙara wa kowa bataliya ko ya rage masa. Abin da yake taɓawa shi ne lokaci, da ƙofar da ake bi a ga shugaban, da lissafin da abokan gaba da abokan tafiya ke yi game da gobe. Sau da yawa kuma ɓoye ciwon ya fi ciwon kansa ɓarna.

## Aikin da jikin shugaba ke yi

Diflomasiyyar lokacin yaƙi ta wuce tattaunawar tsagaita wuta. Ta haɗa da riƙe ƙawaye kada su watse, da rabon nauyin makamai da kuɗi, da musayar fursunoni, da saƙonnin sirri da ake aika wa abokin gaba ta hannun ƙasa ta uku, da shata yadda za a zauna bayan an ajiye bindiga. Jakadu da ministoci ke yin mafi yawan wannan aiki, amma akwai iyakar da ba sa iya ƙetarewa. Jakada ba ya sallama yankin ƙasa. Ba shi zai tsaya gaban iyayen sojojin da suka mutu ya ce an haƙura da abin da aka tura 'ya'yansu dominsa ba. Wannan sai mai wuƙa da nama.

Don haka sulhu na buƙatar mutumin da zai iya zama awa shida yana sauraron tafinta, ya riƙe abin da aka faɗa jiya, ya gano tarkon da aka ɗana cikin jimla guda, sannan ya koma gida ya shawo kan majalisa da sojoji su haɗiye abin da ba sa so. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne cin ƙarfi.

Ciwo kuma iri-iri ne, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Akwai nakasar jiki, wadda ba ta hana tunani: Franklin Roosevelt ƙafafunsa sun shanye tun 1921, ya kuma mulki Amurka shekara 12 a kan keken guragu. Akwai ciwon da ke zuƙe ƙarfi sannu a hankali, kamar na zuciya ko sankara, wanda ke rage awannin aiki. Akwai wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye, ya sauya hali da hukunci. Sannan akwai magungunan da ake ɗirka wa shugaba don ya iya tsayawa gaban jama'a, waɗanda wani lokaci illarsu ta fi ta cutar.

## Yalta, inda aka fi ɗora wa ciwo laifi

Duk wanda ya tayar da wannan magana, taron Yalta yake fara kawowa. Daga 4 zuwa 11 ga Fabrairun 1945, Roosevelt da firaministan Birtaniya Winston Churchill da jagoran Tarayyar Sobiyet Joseph Stalin sun zauna a Kirimiya don tsara ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Tun Maris na 1944 wani likitan zuciya na rundunar ruwa, Howard Bruenn, ya gano Roosevelt na fama da matsanancin hawan jini, zuciyarsa kuma ta fara gazawa. Ba a gaya wa Amurkawa ba, suka sake zaɓensa karo na huɗu a Nuwamba. Don ya isa Yalta, sai da ya bi jirgin ruwa zuwa Malta, ya hau jirgin sama zuwa Kirimiya, sannan ya yi awanni a mota kan hanyar duwatsu. Stalin ne ya ƙi yin nisa da gida, hujjarsa kuwa ita ce likitocinsa sun hana shi doguwar tafiya. Likitan Churchill, Lord Moran, da ya ga Roosevelt a wurin, ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa watanni kaɗan suka rage masa. Ranar 12 ga Afrilu jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu yana da shekara 63.

Daga nan aka gina labarin cewa wani majinyaci ne ya miƙa wa Stalin Gabashin Turai. Labarin na da daɗin ji, amma taswira ba ta goyi bayansa ba. Lokacin da aka zauna a Yalta, sojojin Tarayyar Sobiyet sun riga sun mamaye kusan dukkan Folan, suna bakin kogin Oda, tazarar kilomita saba'in ko makamancin haka daga Balin. Sojojin Amurka da Birtaniya ba su ma ƙetare kogin Rayin ba tukuna. Ko da Roosevelt yana da lafiyar saurayi, ba shi da abin da zai fitar da waɗannan sojoji daga Folan sai sabon yaƙi, kuma babu wanda ke da niyyar yin sa. Churchill, wanda ya fi shi matsawa kan batun Folan, shi ma ya sa hannu. Abubuwan da Roosevelt ya je nema kuwa ya samu: alkawarin Stalin na shiga yaƙi da Japan wata biyu ko uku bayan faɗuwar Jamus, da amincewarsa da tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Inda nake ganin ciwon ya yi ɓarna ta gaske shi ne a abin da ya biyo baya. Roosevelt mutum ne mai riƙe diflomasiyyarsa a ka. Yakan bar magana da harshen damo da gangan, da niyyar zai warware ta daga baya da hannunsa, ta hanyar sanayyar da ke tsakaninsa da Stalin. Wannan salo na buƙatar mai shi ya rayu. Bai shirya mataimakinsa ba. Harry Truman ya yi kwana 82 kacal a matsayin mataimaki, ganawarsu ta keɓe ba ta taka kara ta karya ba, ba a kuma sanar da shi aikin ƙera bam ɗin nukiliya ba sai bayan ya hau mulki. Kwana 11 da hawansa, ranar 23 ga Afrilu, ya karɓi ministan harkokin wajen Sobiyet, Molotov, ya gaya masa magana mai zafi kan Folan, irin wadda Mosko ba ta saba ji daga Washinton ba. Mutum ne da ya gaji alkawuran da bai san yadda aka ƙulla su ba, yana fassara su daga takarda.

## Wilson da ƙofar ɗakin jinya

Idan ana neman wurin da ciwo ya sauya tarihi a fili, sai a koma baya zuwa 1919. Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya je Faris da kansa don tsara zaman lafiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A farkon Afrilu zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, da yawa na ganin murar nan ce da ta yi wa duniya ɓarna a lokacin. Bayan ya tashi ya sassauta wa Faransa kan wasu buƙatunta, ciki har da zaman sojojin ƙawance a yankin Rayin na shekara 15. Masana na saɓani kan ko ciwon ne ya jawo sassaucin ko kuwa dole ce ta siyasa. Abin da ya faru a gida ne ba shi da ja.

An sa hannu kan yarjejeniyar Basai ranar 28 ga Yuni. Tsarin mulkin Amurka na buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa kafin yarjejeniya ta zama doka, kuma 'yan adawa ƙarƙashin Henry Cabot Lodge sun ce sai an maƙala wasu sharuɗɗa. Wilson ya shiga jirgin ƙasa yana zagaya ƙasar yana jawabi, har jikinsa ya gaza a ƙarshen Satumba. Ranar 2 ga Oktoba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Daga ranar, matarsa Edith da likitansa Cary Grayson suka zama ƙofar fadar. Su ke zaɓen takardar da za ta shiga da mutumin da zai gan shi. An ɓoye wa ƙasa girman abin. Birtaniya ta aiko tsohon ministan harkokin wajenta, Edward Grey, ya yi watanni a Washinton ya koma bai ga shugaban ba. Da sakataren harkokin waje Robert Lansing ya riƙa kiran taron ministoci don aiki ya tafi, sai aka tilasta masa ajiye aiki a Fabrairun 1920. Daga ɗakin jinya umarni ɗaya ke fitowa zuwa ga sanatocin jam'iyyarsa: kada a karɓi sharuɗɗan Lodge. A ƙuri'ar 19 ga Maris 1920, sanatoci 49 suka amince da yarjejeniyar tare da sharuɗɗan, 35 suka ƙi, aka rasa ƙuri'a bakwai. Amurka ba ta taɓa shiga ƙungiyar ƙasashen duniya ta League of Nations da shugabanta ya assasa ba, alkawarin kare Faransa daga harin Jamus shi ma ya bi ruwa.

Wilson dama mutum ne mai kafiya, ba shanyewar jiki ta koya masa ba. Sai dai lokacin da yake lafiya ya sha yin ciniki da majalisa ya ci riba. Ciwon ya ƙara masa taurin kai, masu tsaron ƙofa kuma suka toshe duk muryar da za ta iya gaya masa cewa ana gab da asarar komai. Ba na zargin matar da mugun nufi, mijinta take karewa. Amma ba wanda ya zaɓe ta, ba kuma wanda zai iya tuhumarta.

## Idan magani ya shiga cikin shawara

Anthony Eden na cikin gogaggun jami'an diflomasiyyar zamaninsa. A 1953 aka yi masa tiyatar matsarmama, aka yi kuskure aka lalata masa bututun da ruwanta ke bi, ya riƙa fama da zazzaɓi da ciwo daga nan har ƙarshen rayuwarsa. Yana firaministan Birtaniya Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin Suwez hannun Masar ranar 26 ga Yulin 1956. A farkon Oktoba zazzaɓin Eden ya kai digiri 41, aka kwantar da shi. A lokacin yana shan ƙwayoyin da suka haɗa mai ƙara kuzari da mai sa barci. Makonni kaɗan bayan haka ya amince da makircin sirri da Faransa da Isra'ila: Isra'ila ta kai hari, su kuma su shigo da sunan raba faɗa. Ya ɓoye wa Amurka, ya ɓoye wa yawancin jami'ansa. Sojoji sun sauka ranar 5 ga Nuwamba, kashegari aka tsagaita wuta saboda Shugaba Eisenhower na Amurka ya ƙi tallafa wa kuɗin Birtaniya da ke faɗuwa. Eden ya tafi Jamaika jinya, ya yi murabus ranar 9 ga Janairun 1957.

Ba daidai ba ne a ce ƙwaya ce ta kai hari Masar. Manyan ministocinsa sun goyi baya, Faransa ma na da nata dalilin saboda yaƙin Aljeriya. Amma mutumin da ya shafe shekaru yana karanta Washinton ya kasa hango martaninta, kuma da wuya a raba wannan da watannin da ya yi ba barci, yana rayuwa kan magani.

Shugaban Amurka John Kennedy ma ya je Biyana ganawa da jagoran Sobiyet Nikita Khrushchev a Yunin 1961 da ciwon baya mai tsanani, tare da wani likita mai yi masa allurar ƙara kuzari. Shi da kansa ya yarda ganawar ta yi masa muni. Kafin rikicin makaman Kyuba a Oktoban 1962 an riga an daidaita masa jinya, kuma a wannan karon ya nuna natsuwar da har yau ake misali da ita.

## Lissafin masu jira

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin shugaba ba zai daɗe ba, kowa sai ya sake lissafi, kuma wannan na faruwa ko da ƙwaƙwalwarsa garau take.

Mobutu Sese Seko ya riƙe Zayar (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yanzu) tun 1965 ta hanyar raba kan janar-janar da 'yan siyasa, kowa na kallon bakinsa. A Agustan 1996 aka yi masa tiyatar sankara a Suwizalan, ya yi watanni a Turai. A Oktoba tawaye ya ɓarke a gabashin ƙasar ƙarƙashin Laurent Kabila, da goyon bayan Ruwanda da Yuganda. Sojojin gwamnati suka riƙa barin gari bayan gari. Wa zai ba da ransa don mutumin da kowa ya san yana bakin kabari? Kisangani ta faɗi a Maris, Lubumbashi a Afrilu. Da Nelson Mandela ya haɗa su a kan wani jirgin ruwan Afirka ta Kudu ranar 4 ga Mayun 1997, Mobutu ba shi da abin da zai saka a ciniki. Kabila bai ma halarci zama na biyu ba. Ranar 17 ga Mayu dakarunsa suka shiga Kinshasa, Mobutu ya rasu a Rabat a Satumba. Mulkinsa ya riga ya ruɓe tun kafin ciwon, amma ciwon ne ya sanar da kowa cewa lokaci ya yi, ya kuma cire wa abokin gaba duk wani dalilin sassautawa.

Wani lokaci kuma ganin ajali na sa gaggawa. A Maris na 2000 Bill Clinton ya gana da Hafez al-Assad a Janeba kan tuddan Golan da Isra'ila ta mamaye, kowa na sane da cewa shugaban Siriya ba shi da lafiya. Masu shiga tsakani sun ɗauka zai so ya kammala kafin ya tafi. Shi kuwa hankalinsa na kan miƙa wa ɗansa mulki, ba zai bar masa gadon yarjejeniyar da za a ce an sallama ko taku ɗaya na gaɓar tafkin Tabariyya ba. Taron ya watse, ya rasu ranar 10 ga Yuni.

Akwai kuma wanda ciwonsa ya zama masa ƙarfi. A Oktoban 1998 Sarki Hussein na Jodan ya baro jinyar sankara ya je Wye River ta Amurka inda tattaunawar Isra'ila da Falasɗinawa ta cije. Ganinsa a rame, gashi ya zube, ya sa ɓangarorin jin nauyin tashi hannu rabbana. An sa hannu, shi kuma ya rasu a Fabrairun 1999.

## A faɗa ko a ɓoye?

Masu goyon bayan ɓoyewa suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. A Disamban 1941, makonni kaɗan da shigar Amurka yaƙi, Churchill na baƙunci a fadar White House ya ji ciwo a ƙirji ya sauka hannunsa na hagu. Likitansa ya ɗauka zuciya ce, ya yi shiru, ko shi majinyacin bai gaya wa ba. Tunaninsa shi ne idan duniya ta ji jagoran Birtaniya na da ciwon zuciya a wannan lokaci, Hitler zai samu ƙwarin gwiwa, sabon ƙawancen kuma zai girgiza. Churchill ya rayu har 1965. Lafiyar shugaba bayanin soja ce a lokacin yaƙi, shi ya sa hukumomin leƙen asiri ke ajiye likitoci masu nazarin hotuna da tafiyar shugabannin wasu ƙasashe.

Amma wannan caca ce da aka ci. Ga waɗanda aka faɗi. Sarkin Iran Muhammad Reza Pahlavi ya kamu da sankarar jini, likitoci Faransawa suka gano tun 1974, aka rufe maganar har ga Amurka, babbar ƙawarsa. A 1978, ƙasa na tafasa, Washinton na gina manufarta kan mutumin da ba ta san halin da yake ciki ba. Bayan juyin juya hali ya raba shi da mulki, da aka ba shi izinin shiga Amurka jinya a Oktoban 1979, ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancinta a Tehran ranar 4 ga Nuwamba, aka riƙe mutum 52 kwana 444.

Na Taliban ya fi wannan tsanani. Shugabansu Mullah Umar ya rasu a Afrilun 2013, wasu tsirarun manya suka ɓoye sama da shekara biyu, suna fitar da saƙonni da sunansa. A farkon Yulin 2015 wakilan ƙungiyar suka zauna da gwamnatin Afganistan a Murree ta Pakistan, aka sa ranar zama na biyu a ƙarshen wata. Kwana biyu kafin ranar labarin mutuwar ya fito. Tattaunawar ta rushe nan take, domin babu wanda ya san da yawun wa aka yi ta farko. Sabon shugaba, Akhtar Mansur, na buƙatar nuna wa kwamandoji shi ba rago ba ne, a Satumba mayaƙansa suka kama birnin Kunduz.

Ni dai ina ganin akwai bambanci tsakanin ɓoye wa abokin gaba da ɓoye wa hukumomin ƙasarka. Na farko dabara ce ta yaƙi, ana iya kare ta na ɗan lokaci. Na biyu ƙwace mulki ne ba tare da harbi ba, domin iko na komawa hannun mata ko ɗa ko likita ko babban dogari, mutanen da doka ba ta san su ba. Ƙasashen da suka koyi darasi sun rubuta ƙa'ida. Amurka ta yi gyara na 25 a tsarin mulkinta a 1967, wanda ya ba shugaba damar miƙa iko na wucin gadi, ya kuma ba mataimaki da rinjayen ministoci damar bayyana cewa ya gaza. An yi amfani da sashen farko lokacin ƙananan ayyukan asibiti. Na biyun ba a taɓa yi ba, kuma dalilin a fili yake: waɗanda aka ɗora wa alhakin su ne waɗanda shugaban ya naɗa. A Isra'ila, daren da jini ya fashe wa firaminista Ariel Sharon a ƙwaƙwalwa, 4 ga Janairun 2006, iko ya koma hannun mataimakinsa Ehud Olmert kafin gari ya waye. Doka na aiki sumul idan shugaba ya faɗi warwas. Inda take rauni shi ne idan yana tafiya yana magana, amma na kusa da shi sun san ba shi ba ne.

## Mutuwar shugaba da waɗanda ke ƙarƙashin wuta

Ga wanda bam ke sauka a unguwarsa, ko uwar da ɗanta ke sansanin fursunoni, tambayar ɗaya ce: idan mutumin nan ya tafi, za a daina? Amsar ta danganta da ko yaƙin nasa ne shi kaɗai, ko na tsarin da ya kewaye shi.

A Yaƙin Shekara Bakwai, Sarauniya Elizabeth ta Rasha ta kusa durƙusar da Frederick na Furushiya. Ta rasu a Janairun 1762, magajinta Peter na Uku, mai sha'awar Frederick, ya janye daga yaƙin ya mayar da duk yankunan da aka ci. Wannan labari ne ya ruɗi ministan farfagandar Jamus Joseph Goebbels a Afrilun 1945, ya yi wa Hitler albishir da mutuwar Roosevelt, yana zaton tarihi zai maimaita kansa. Babu abin da ya sauya, domin yaƙin na ƙasar Amurka ne da majalisarta da ƙawayenta. Jamus ta miƙa wuya cikin ƙasa da wata guda. Wanda ya jingina fatansa kan jita-jitar ciwon abokin gaba yana iya ƙin tayin sulhun da ke gabansa yau, yana jiran jana'izar da ba za ta zo ba, ko ta zo ta kawo wanda ya fi mamacin tsauri. Kafin a gaskata bidiyon hannu mai rawa, ya fi amfani a tambayi wa ke sa hannu a takardu yanzu, wa zai gada, kuma magajin na da abin da zai samu idan aka tsaya.

Yaƙin Koriya ne ke nuna tsadar jiran. An fara tattaunawar tsagaita wuta a Yulin 1951, layin daga ya riga ya tsaya kusan inda yake a yau. Magana ta cije kan fursunoni: a mayar da kowa ƙasarsa dole, ko a bar wanda ba ya son komawa? Shekara ɗaya da rabi ana wannan ja-in-ja, sojoji na mutuwa kan tuddan da ba su sauya komai ba, jiragen Amurka na ragargaza garuruwan Koriya ta Arewa. Takardun Sobiyet da aka buɗe daga baya sun nuna Stalin ba ya gaggawa, yana ganin yaƙin na cin ƙarfin Amurka, ko da yake shugaban Koriya ta Arewa Kim Il Sung ya gaji yana son a tsaya. Stalin ya rasu ranar 5 ga Maris 1953. Cikin mako biyu magadansa, waɗanda ke buƙatar sarari don daidaita mulki a gida, suka aika wa Sin da Koriya ta Arewa cewa a nemi hanyar kammalawa. Ranar 30 ga Maris firaministan Sin Zhou Enlai ya sanar da sassauci kan batun fursunoni, ranar 27 ga Yuli aka sa hannu a Panmunjom.

Tun kafin sa hannun, ranar 20 ga Afrilu, aka fara musayar fursunoni marasa lafiya da masu rauni, shawarar da aka daɗe ana kawowa ba ta samu shiga ba. Ɓangaren Majalisar Ɗinkin Duniya, wato Amurka da ƙawayenta, ya miƙa mutum 6,670, aka miƙo masa 684, wasu a kan gadon ɗaukar majinyata. Kwana 46 ke nan da rasuwar Stalin.